Kai Hajiya jinyar gwiwa ƙauyen Kerala: hutu ne ko magani?

Baban Khalifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma don Allah wanda ya san abin ya yi magana. Hajiyarmu ta daɗe tana fama da gwiwa da baya, yanzu sallah ma a kan kujera take yi. Likitan ƙashi ya ce gwiwar dama ta cinye, ƙarshenta sai an yi aiki, ita kuwa ta ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba mai yanka ta. Tana da suga da hawan jini, amma tana shan magani, sun lafa. To akwai wani Ba'indiye da muke sarin yadi a wurinsa a Surat, shi ya ce in kai ta wani gidan jinya da ke ƙauye a jihar Kerala. Wai mako 3 ake yi, ana tausa da mai, ana shan jiƙo, ana yoga da sassafe. Ya ce surukarsa a keken guragu ta je, da ƙafarta ta dawo. Ya turo hotuna, wuri kore shar, ga kwakwa ga ruwa. Wani ya taɓa zuwa?

Na Gidan Shayi: Alhaji, har Indiya don a shafa wa Hajiya man kwakwa? Ba ni rabin kuɗin jirgin, in kawo maka man kaɗe da mai tausa har cikin gida, in ƙara da shayi kyauta.

Abba Bangalo: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni karatun haɗa magunguna nake yi a nan Bangalo, kuma na shiga Kerala sosai, don maƙwabtan juna ne. Da farko dai a raba abu biyu da masu talla suke cakuɗawa. Akwai hutun yoga, wanda cibiyarsa Rishikesh ce, can arewa a bakin kogin Ganga. Nan Turawa suka fi zuwa tun da mawaƙan nan na Ingila, Beatles, suka je a 1968. Garin ibadar Hindu ne, ba a sayar da nama, kullum da magariba ana bikin fitilu a bakin kogi. Wannan ba wurin Hajiya ba ne. Abin da abokinka yake nufi shi ne Ayurveda, maganin gargajiyarsu, kuma Kerala ce ta yi suna a kai. A can yoga ɗin ƙari ne kawai, tausa da jiƙo da ƙa'idar abinci su ne jinyar.

Kuma abu ne da hukuma ta tsaya a kansa. Tun 2014 suna da ma'aikata guda, AYUSH, da ke kula da shi. Likitansu shekara 5 da rabi yake yi a makaranta kafin a ba shi shaidar BAMS. A 2023 ma sun fito da biza ta musamman don masu zuwa irin wannan jinya. Sai dai sunan Ayurveda yanzu ko a ƙofar shagon aski na bakin teku za ka gan shi a rubuce, to a nan ake rufta mutane.

Hajiya ta Damagaram: Sannunku. Ni na je, maigida na raka, shi ciwon baya gare shi tun wani haɗari da ya yi a hanyar Agadas. Wani ɗan'uwansa da ke Maskat ya yi mana hanya, don Larabawan Oman suna zuwa sosai. Bari in faɗa maka abin da idona ya gani, Alhaji.

Wurin ƙauye ne na gaske, asibitin ɗakuna kaɗan ne a tsakiyar gonar kwakwa da ayaba. Da asuba za ka ji kiran sallah daga masallatai biyu ko uku, wannan shi ya fara kwantar mini da hankali. Ana idar da sallah za a ƙwanƙwasa ƙofa a miƙo ƙaramin kofi na jiƙo, baƙi ƙirin, ɗaci kamar maɗaci. Maigida da ba ya shan shayi sai da sukari cokali uku, sai ga shi yana toshe hanci yana kurɓa. Da hantsi a kai shi ɗakin tausa. Gadon na katako ne, an fafe shi yadda mai zai gangara ƙarshe a tare a kwano. Mutum biyu ne, ɗaya dama ɗaya hagu, hannuwansu suna tafiya tare. Bayan tausa sai su soya ganye a kasko da mai, su ƙulle a ƙyalle, su riƙa dangwala wa a baya da ɗuminsa. Da na leƙa kaskon sai na ga ganyen tumfafiya da na zurma da na tsamiya da zogale, da kwakwa gurzajjiya da lemun tsami. Na ce to, Allah mai iko, tumfafiyar da awakinmu ma ba su kula ta.

Na gwiwa kuma na ga ana yi wa wata Balarabiya. Ana kwaɓa garin wake a yi masa zobe a kewaye gwiwar, a zuba mai mai ɗumi a ciki, in ya huce a kwashe da auduga a sake zubawa. Mata mata ne suke yi musu, maza maza, wannan ba sai ka roƙa ba.

Abincin ne wahala. Kunun shinkafa, ganye, wake, ba nama, ba ruwan sanyi, ba barcin rana. Kilishin da na tafi da shi lokotoro ya gani ya ce in ɓoye shi har ranar tafiya.

Baban Khalifa: Hajiya na gode ƙwarai. To ya jikin Alhajin yanzu? Ya warke?

Hajiya ta Damagaram: Ya ji sauƙi sosai, har ya koma ruku'u da sujada yadda ya kamata, tumbin ma ya sauka. Amma gaskiya, bayan wasu watanni da ya koma zaman mota da cin tsire da dare, ciwon ya fara leƙowa. In ya riƙe motsa jikin da suka koya masa sai ya lafa, in ya yi sakaci ya dawo. Ban ce maka ya warke ba.

Ustaz Abu Hanan: Jama'a ku ji tsoron Allah. Ana ta maganar kwakwa da tausa, ba wanda ya tsaya a kan yoga ɗin. Yoga ibadar masu bautar gumaka ce. Akwai wanda suke yi da fitowar rana, su fuskance ta, su sunkuya, su kwanta rub da ciki. Allah Ya ce a Suratu Fussilat, aya ta 37, kada ku yi sujada ga rana ko wata. Tsohuwa mai tazbaha a hannu za a kai a koya mata wannan a ƙarshen rayuwa? Majalisar fatawa ta Malesiya ta haramta shi tun 2008. Ni a ganina magana ta ƙare.

Malam Gwani na Zage: Ustaz, Allah Ya saka da alheri, kishin addini abu ne mai kyau. Amma tunda ka kawo Malesiya, sai a kawo sauran. Dalilin da suka kafa shi ne abin da ke cikin yoga na kirari da ambaton ababen bautarsu. Watanni kaɗan bayan haka, a farkon 2009, majalisar malaman Indunusiya ta zauna a kan mas'alar, ta rarrabe: wanda aka haɗa da ambato da ayyukan ibadar Hindu haramun ne, wanda motsa jiki ne zalla babu laifi. Saudiyya kuma a 2017 ta amince da shi a cikin wasannin motsa jiki, ana ba masu koyarwa lasisi. A Indiyar kanta, da za a yi bikin ranar yoga na farko ran 21 ga Yuni 2015, ƙungiyoyin Musulmi sun yi ƙorafi a kan gaisuwar ranar nan da ka ambata, aka cire ta daga tsarin bikin. Ka ga ke nan abin yana rabuwa, kuma su ma sun san yana rabuwa.

Ni abin da zan ce wa Alhaji: duk abin da za a furta da baki wanda ba a san ma'anarsa ba, a bar shi. Gaisuwar rana, a bar ta. Haɗa hannu a gaban gunki ko fitila, a bar shi. Miƙe ƙafa da jan numfashi kuwa, ban san wanda ya mallake su ba.

Ustaz Abu Hanan: Allah Ya gafarta Malam, abin da hukumar wasanni ta Saudiyya ta yi ba hujja ba ce a shari'a. Kuma wanda ya yi kiwo a gefen shinge ya kusa faɗawa ciki. Yau miƙe ƙafa ne, gobe a ce rufe ido ka ce "om". Su da kansu ba su ɓoye cewa manufar yoga ta wuce jiki ba.

Malam Gwani na Zage: Gaskiya ne ba hujja ba ce, ban kuma kawo ta a matsayin hujja ba, na kawo ta ne don ka ce magana ta ƙare. Kuma ka yi daidai cewa asalinsa ya wuce jiki. A littafin Patanjali, wanda shi ne tushen abin, zaman jiki rukuni ɗaya ne cikin 8, sauran tarbiyyar zuciya ce da aƙidarsu. Al-Biruni ya mayar da littafin nan Larabci kusan shekara dubu da ta wuce don Musulmi su san abin da mutanen nan suke faɗa, ya karanta, ya auna, bai zama Bahindu ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya bari, ya nemi likitan gashin ƙashi ya koya masa motsa jiki, ba abin da ya rasa. Amma in ce wa Musulmin Kerala da ke yi don ciwon baya sun yi shirka, wannan bakina ba zai iya ba.

Hajiya ta Damagaram: Malamai ku yi haƙuri in sa baki. Inda muka je, akwai fitilar tagulla da hoton wani abin bautarsu da suke cewa shi ne uban magani, kuma kafin su fara tausa suna ɗan yin addu'arsu. Ranar farko maigida ya ce shi ba ya so a yi a kansa. Ba gardama, suka juya hoton, daga ranar shi yake yin bisimilla su fara. Mai koyar da motsa jikin ma ya saba da Larabawa, ba ya cewa komai sai ƙirge. Amma sai ka faɗa, in ka yi shiru yadda suka saba za su yi.

Abba Bangalo: Haka ne. Kerala kusan kashi 27 cikin 100 Musulmi ne a ƙidayar 2011, kuma a gundumar Malappuram su ne suka fi yawa. Abin sha'awa, a cikin gundumar nan Kottakkal yake, inda shahararriyar cibiyar Arya Vaidya Sala take, wadda P. S. Varier ya kafa a 1902. Filin jirgin Kalikat ma a gundumar yake. Masallaci da abincin halal ba matsala ba ne ko kaɗan.

Ni inda na fi so Ustaz ya sa ido ba a tabarmar yoga ba ne, a kwalba ne. Akwai rukunin magungunansu na ruwa da sunansu ke ƙarewa da arishtam ko asavam. Tsima su ake yi makonni da ganye da mazarƙwaila ko zuma har su yi tsami, kuma giya tana fitowa a ciki, wani ya kai kashi 10 zuwa 12. Ana ba masu ciwon gaɓɓai sosai, bayan cin abinci. Ba wanda zai ce maka giya ce, don su a wurinsu magani ne. Sannan wasu haɗe-haɗen akwai fitsarin saniya a ciki.

Ustaz Abu Hanan: Innalillahi. Kun ji ko? Giya da fitsari. Hadisi ya tabbata a Sahihu Muslim, da aka tambayi Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, game da yin magani da giya, ya ce ba magani ba ce, cuta ce.

Malam Gwani na Zage: A kan giyar ina tare da kai ɗari bisa ɗari, a ce musu a canza da wani, tunda Abba ya ce rukuni ɗaya ne cikin magungunan. Fitsarin saniya kuwa, a mazhabarmu ta Malikiyya fitsarin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne matuƙar ba ƙazanta take ci ba. Ƙyama daban, hukunci daban. Ni dai ba zan sha ba.

Na Gidan Shayi: Malam ya halatta amma ya ce a kai kasuwa.

Dokta Maman Hanif: Na karanta duka, sai yanzu na fito daga aiki. Alhaji, Allah Ya ba Hajiya lafiya. Zan yi magana a kan jikinta, addinin na bar wa malamai.

In likitan ƙashi ya ce gwiwa ta cinye, yana nufin guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan ya zaizaye. Babu man da ake shafawa, na Indiya ko na kanti, da zai tsiro da shi. Amma zafin da mutum yake ji ba daga nan kaɗai yake zuwa ba. Naman cinya in ya yi rauni, nauyi in ya yi yawa, barci in ya ƙi, duk ƙara shi suke yi. To ka ɗauki mace ka raba ta da hidimar gida da jikoki da zaman biki, a gasa mata gwiwa kullum, a rage mata tuwo da mai, a sa ta motsa ƙafa da safe, ta yi barci da wuri, mako 3 cur. Dole ta ji sauƙi. Wannan sauƙin na gaske ne, ban raina shi ba. Ko a Amurka, wata babbar ƙungiyar likitocinsu ta sa yoga da tausa cikin abubuwan da za a fara gwadawa ga ciwon baya kafin ƙwaya, a jagorarta ta 2017. Sai dai da aka gwada yoga da sauran motsa jiki na baya, bambancin kaɗan ne ko babu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne wanda za ta haɗiya. Cikakkiyar jinyarsu ta wankin jiki, panchakarma, ayyuka biyar ne: sa amai, sa gudawa, ɗura magani ta dubura, ɗura ta hanci, da fitar da jini, wani lokaci da matsattsaku. Kafin nan ana shayar da mutum soyayyen man shanu kwanaki a jere, kullum a ƙara. Tsohuwa mai suga da hawan jini, in aka sa ta gudawa alhali tana shan maganin da ke sa fitsari, ruwan jikinta zai ƙafe, ƙoda ce za ta ji a jikinta. In aka rage mata abinci tana shan maganin suga yadda ta saba, sugan zai iya faɗuwa cikin dare. Kuma mai suga da ya daɗe sau da yawa ƙafarsa ba ta jin zafi sosai, ƙullin ganyen nan mai ɗumi zai iya ƙona ta ba ta sani ba, gyambon mai suga kuwa kun san yadda yake.

Na biyu, ƙarafa. Akwai reshen maganinsu da ake ƙona dalma da zaiba da makamantansu da gangan a mayar da su toka a sa a ƙwaya, suna cewa an tsarkake su. A 2004 mujallar likitoci ta JAMA ta buga binciken da aka yi a Boston: cikin magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shaguna, 14 suna ɗauke da dalma ko zaiba ko arsenik. Da aka maimaita a 2008 da waɗanda ake saya ta intanet, nan ma kusan ɗaya cikin biyar ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010, ba sai an yi mana dogon bayani ba. A Kerala ɗin kanta akwai likitan hanta, Cyriac Abby Philips, da ya yi suna wajen rubuta rahoton mutanen da hantarsu ta lalace bayan shan irin waɗannan magunguna, har da wani ganye da suke kira giloy.

Abba Bangalo: Dokta duk abin da kika faɗa haka yake, amma a yi musu adalci. An yi gwaji a Jamus, a Balin, da masu ciwon gwiwa 151, aka buga a 2018. Rabi aka yi musu jinyar Ayurveda, rabi ta asibiti ta yau da kullum, kuma na Ayurveda sun fi jin sauƙi bayan mako 12.

Dokta Maman Hanif: Na san shi Abba. Gwaji ne mai kyau, amma kowa a ciki ya san wace jinya ake yi masa, kuma abin da aka auna shi ne yadda mai ciwo ya ce yana ji. Sannan jinyar haɗe take, tausa da abinci da motsa jiki da magani, ba a ware wanne ne ya yi aikin ba. Bai nuna guringuntsi ya dawo ba, su ma masu binciken ba su ce haka ba. Surukar abokin Alhaji da ta je a keke ta dawo da ƙafa, ba mu ga hoton ƙashinta ba, ba mu san me ya zaunar da ita ba tun farko.

Kawu Sarkin Aska: Ni duk maganar nan takaici take ba ni. Hajiya ta Damagaram ta lissafa tumfafiya, zurma, tsamiya, zogale. Wanne ne babu a bayan gidanmu? Fitar da jini, mu ƙaho muke yi tun kaka da kakanni. Gashi da ganye, kowace ungozoma ta iya, mai jego ma da shi ake tayar da ita. Maɗora suna nan, karaya ta gagari asibiti su ɗora. Amma da yake namu ne sai a ce camfi, Ba'indiye ya yi a gonar kwakwa sai a biya da dala. Ɗana Baban Khalifa, kawo Hajiya in yi mata ƙaho biyu a gwiwar nan a fitar da mataccen jini, ka ga ikon Allah.

Dokta Maman Hanif: Kawu, da girmanka, ban da tsaga a ƙafar mai suga. Wannan roƙo nake yi.

Kawu Sarkin Aska: 'Yata, kafin a haife ki nake riƙe da aska. Mai suga na san shi, ba kowa nake tsagawa ba. To na ji, a bar ƙahon. Amma ki amsa mini, me suka fi mu da shi?

Abba Bangalo: Kawu in amsa? Ba ganye suka fi mu ba, darbejiya da zogalen ma daga wajensu suka zo mana. Rubutu da tsari suka fi mu. Nasu yana cikin littattafai sama da shekara dubu, an buɗe masa kwalejoji, an yi rajistar masu yi, akwai masana'antu masu lasisi, kwalba tana da suna da abin da ke ciki da ranar lalacewa. Hukumar yawon buɗe ido ta Kerala tana zuwa ta duba wuraren ta ba su daraja, da ana cewa Green Leaf da Olive Leaf. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a garin Jamnagar na Indiya ta kafa cibiyarta ta maganin gargajiya a 2022. Wannan bai hana ƙarya ba, a 2024 sai da kotun ƙolin Indiya ta sa fitaccen malamin yoga Baba Ramdev da kamfaninsa na magunguna mai suna Patanjali suka nemi afuwa a jaridu saboda tallan warkar da cututtuka. Amma ka ga akwai inda ake kai ƙara. Mu kuwa mai lasifika a bakin tasha zai ce garinsa ɗaya yana maganin basir da taifot da suga da sanyin mara, ba mai tambayarsa. Shi ya ɓata wa irinku suna, Kawu.

Kawu Sarkin Aska: Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Waɗancan ba gado suka yi ba, yunwa ce ta koro su.

Bintu 'Yar Jarida: Ni wani gefen nake kallo. Ana ta cewa ƙauye, ƙauye. Da yawa daga wuraren nan otal ne aka kewaye da katanga a tsakiyar ƙauye, baƙo ya biya kuɗin da ɗan garin ba zai samu a wata ba, ya fito ya ɗauki hoton mata suna saƙar igiyar kwakwa ya koma ciki. Akwai inda aka gyara, kamar Kumarakom, inda aka haɗa otal-otal da ƙungiyoyin mata na Kudumbashree suna sayar musu da kayan lambu, baƙi kuma suna biya su shiga gidajen manoma. Amma ba ko'ina ba. Wata ƙawata ta biya ta intanet saboda hotuna irin waɗanda aka turo wa Alhaji, ta je ta tarar likita sau ɗaya yake leƙowa a mako, masu tausar yara ne da aka koya wa aikin cikin 'yan watanni, ranar tafiya kuma aka haɗo ta da jakar magani ta wata shida da kuɗinta ya kusa na ɗaki.

Baban Khalifa: Kai, jama'a Allah Ya saka. Na shigo da tambaya ɗaya na fita da goma. Abin da na fahimta, in za a je, a je da niyyar ta huta ta samu sauƙi, aikin gwiwa yana nan yana jira. Abba, me zan tambaye su kafin in tura ko sisi?

Abba Bangalo: Ka ce su turo sunan likitan da lambar rajistarsa, kuma ko a wurin yake kwana. Ka tambaya ko asibiti ne mai shaidar NABH, hukumar da ke tantance asibitocinsu, ko wurin shaƙatawa ne. Ka tura musu takardun Hajiya duka, ka ga me za su ce. Wanda ya ce a ajiye maganin suga ko na hawan jini, ko ya yi alƙawarin ba za a yi aiki ba har abada, ka rufe wayarka. Ka nemi a rubuta maka kuɗin da abin da ya ƙunsa, har da na mai rakiya. Ka faɗa musu a rubuce ba a son maganin da aka tsima, ba a son na tokar ƙarfe. Katin rigakafin shawara kuma dole ne, ba shi za su iya tsare mutum a filin jirgi.

Sai lokaci. Su a al'adarsu damina ce lokacin jinya, musamman watansu na Karkidakam, tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Agusta, kuma kuɗin ɗaki ya fi sauƙi a lokacin fiye da Disamba da Turawa ke cika wurin. Amma daminar Kerala ba wasa ba ce. A 2018 ambaliya ta ci kusan jihar duka har aka rufe filin jirgin Kochi, a Yulin 2024 kuma ƙasa ta zaftare a Wayanad ta kashe ɗaruruwan mutane. In wurin kan tsauni yake, kada ka kai tsohuwa da damina. Ka kuma tambayi nisan babban asibiti daga ƙauyen, da mota, ba a taswira ba.

Dokta Maman Hanif: Ƙari a kan na Abba: a yi mata gwajin ƙoda da hanta kafin tafiya, a maimaita in ta dawo. Ta tafi da na'urar awon suga da ta hawan jini, mai rakiya ya iya amfani da su. Duk abin da za su ba ta ta sha, a ɗauki hoton kwalbar a turo wa likitanta. A jirgi ta riƙa tashi tana takawa. Zaman naɗe ƙafa da durƙuso na yoga ba nata ba ne, a kan kujera ko a kwance za ta yi. Kuma Alhaji, kafin ka kashe kuɗin nan, ka gwada kai ta sashen gashin ƙashi na asibitin koyarwa wata biyu, a kuma rage mata tuwon dare. In ta ƙi bin doka a gida, can ma da ta dawo za ta ajiye.

Ustaz Abu Hanan: Ni dai ina nan a kan bakana game da yoga. Amma in an cire shi da giyar, tausa da ganye ban ce komai ba. A tabbatar mai rakiyar muharraminta ne.

Hajiya ta Damagaram: Kuma ta tafi da tsofaffin zannuwa da ɗankwalin da ba ta so. Man nan ja ne, ba ya fita ko da wane irin sabulu, atamfofina biyu can na baro su. Goro ma hana ta za su yi, gara a fara rage mata tun yanzu.